Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kula da Ruwan Jakuzi a Gida

Duk wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a gandun dajin Yankari ya san daɗin ruwa garai-garai wanda ɗuminsa ke tsaye a kusan digiri 31 rani da damina, ba tare da an zuba masa magani ba. Wannan sanin ne ke yaudarar wasu magidanta a Bauchi waɗanda suka kafa bahon ruwan zafi mai feshi, wanda aka fi sani da jakuzi, a gidajensu. Ruwan Wikki ɓulɓulowa yake yi yana wucewa dare da rana, shi kuwa na baho ruwa ɗaya ne, lita 1,000 zuwa 1,500 a matsakaicin baho, wanda zai yi makonni ana shiga ana fita. Galibin kurakuran da ake yi daga mantawa da wannan bambanci suka taso.

Babban kuskure shi ne auna tsabtar ruwa da ido. Ruwa yana iya yin haske kamar na randa alhali babu ko ɗigon magani a cikinsa, domin zafi da feshin iska suna cinye kulorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, da sauri fiye da yadda yake ƙarewa a kwamin ninƙaya. Gyaran shi ne a sayi takardun gwaji, a tsoma ɗaya kafin kowane shiga. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kada kulorin ya gaza ppm 3, wato kashi 3 cikin miliyan na ruwan, idan kuwa buromin, wani magani makamancin kulorin, ake amfani da shi, to ya tsaya tsakanin ppm 4 da 8. Ma'aunin pH, wanda ke nuna yawan tsamin ruwa ko ƙarancinsa, ana so ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8, saboda idan ya haura, kulorin yakan rasa kaifinsa ko da an zuba shi da yawa, idan kuma ya yi ƙasa, ruwan zai riƙa cin ƙarfen na'urar ɗumamawa yana sa ido yaji. Akwai tsari a gyaran: a fara daidaita alkalin ruwan, wato sinadaran da ke hana pH yawan hawa da sauka, ya kai ppm 80 zuwa 120, sannan pH, sannan a zuba maganin.

Wasu kuma da zarar sun ji wari mai ƙarfi na tashi sai su ce magani ya yi yawa, su daina zubawa. Akasin haka ne yawanci. Warin yana fitowa ne daga kulorin da ya riga ya haɗu da gumi da dattin jiki ya mutu, kuma maganinsa shi ne a zuba kaso mai ƙarfi lokaci guda, a kunna injin, a bar murfin a buɗe na ɗan lokaci, kada kowa ya shiga sai gwaji ya nuna ya sauko.

Inda matsalar ta fi shafarmu ita ce wutar lantarki. An ƙera waɗannan bahuna ne da zaton injin zai riƙa juya ruwa ta cikin matatar ruwa (filta) kowace rana, mu kuwa ana iya ɗauke wuta kwana biyu, ko maigida ya kashe injin da gangan don ya rage kuɗin man janareta. Ruwan da ya kwanta cikin bututu yakan tara wata irin yauƙi a bango, wadda ƙwayoyin cuta ke ɓuya a ƙarƙashinta. Mafi haɗari a cikinsu ita ce Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani taro a birnin Filadelfiya a 1976. Tana hayayyafa a ɗumin digiri 25 zuwa 45, kuma a zafin Maris da Afrilu ruwan baho yana zama a wannan mataki ko ba a kunna na'urar ɗumamawa ba. Ba sai an sha ruwan ba, shaƙar feshinsa ma ya isa. A ganina, wanda ba shi da sola ko janaretan da zai juya ruwan 'yan sa'o'i kullum, gara ya haƙura da ajiye ruwa a bahon. Idan za a yi doguwar tafiya, a zubar da ruwan, bayan an dawo kuma a wanke bututun da magani mai ƙarfi kafin a cika sabo.

Ruwan cikawa shi ma abin dubawa ne. Na famfo da ke zuwa daga madatsar Gubi an tace shi, amma ɗan maganin da ke ciki ba zai wadatar da baho ba. Na rijiyar burtsatse kuwa wani yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda kan mayar da ruwa ja-ja da zarar ya haɗu da kulorin, wani kuma yana barin farin ɓawo a jikin na'ura, irin wanda ake gani a gindin butar shayi. A gwada shi tukuna, a kuma ɗaura ƙaramar matata a bakin tiyo.

Da hunturu mutane kan shiga da basilin ko man shafawa a jiki, da tufafin da ba a ɗauraye sabulunsu sosai ba, sai ruwa ya yi kumfa, matata ta toshe. A yi wanka kafin shiga, a rufe bahon saboda ƙura, a kuma cire matatar a wanke ta duk mako. Ƙurajen da ke fesowa a jiki kwana ɗaya ko biyu bayan shiga alama ce ta cewa maganin ya yi ƙaranci.

Kada a taɓa gauraya magunguna biyu a mazubi ɗaya, musamman kulorin da asid, domin hayaƙin da ke tashi guba ne. Manyan ƙwayoyin kulorin na kwamin ninƙaya ma ba su dace da baho ba, saboda suna saukar da pH ƙwarai. Zafin ruwan kada ya wuce digiri 40, zaman ciki kuma minti 15 ya wadatar. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 kada su shiga, mai juna biyu kuwa sai ta tuntuɓi likita.

Komai kyan kulawa, ruwan yakan tsufa, ya ƙi karɓar gyara ko an zuba magani daidai. A zubar da shi duk bayan wata 3 zuwa 4, ko kafin haka a gidan da masu shiga ke da yawa, a goge bangon bahon kafin a sake cikawa.