Asid da baz na Lewis, ga masu shirin BAC

Ƙannena ɗalibai na nan Damagaram, ku daina wahalar haddace jerin asid da baz. Tun 1923 Gilbert Lewis, masanin kimiyyar sinadarai, ya sauƙaƙa lamarin: mai bayar da ilektaron biyu shi ne baz, mai karɓa shi ne asid. Ku zana ƙwayar sinadarin tukuna. A NH3, azot na riƙe da biyun da ba su shiga haɗi ba, sai ya miƙa su. BF3 kuwa, shida kacal ke kewaye da bor ɗinsa, yana neman cika takwas, kamar tulun da ke jiran mai ga-ruwa. Asid ne ko da babu H (idrojen) a jikinsa, kuma a nan ne da yawanku ke tuntuɓe. H+ da Fe3+ masu karɓa ne, OH- mai bayarwa.