Yadda ake zaɓa wa yaro makaranta bayan an sallamo shi daga jinyar shaye-shaye

A Amurka akwai makarantun sakandare da aka buɗe musamman domin yaran da suka fito daga jinyar shaye-shaye, har suna da ƙungiyarsu tun shekarar 2002. Kowane ɗalibi a ajin ya san wahalar ɗan'uwansa, ana gwajin fitsari, akwai mai ba da shawara a kusa, in yaro ya zame kuma ba a fara da kora. Mu nan Sakkwato abin da ke gaban uba shi ne makarantar gwamnati, ko ta kuɗi, ko islamiyya, ko shagon koyon sana'a. A cikinsu zai tsamo wadda za ta yi masa aikin waccan. Na daɗe ina koyarwa a sakandare, na ga gidaje da dama sun yi wannan zaɓe cikin gaggawa, ni ma na yi shi a kan ɗan ƙanwata, ban kuma yi daidai ba a karon farko.

Fara da takarda. Kafin ku baro asibiti, ko na masu taɓin hankali da ke Kware ne, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko sashen ba da shawara na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, a nemi likita ya rubuta ranakun dawowa ganinsa, da magungunan da yaron zai ci gaba da sha, da lokacin da yake ganin zai iya zaman aji. Wasu magungunan suna sa barci da nauyin jiki da safe. Malamin da bai sani ba zai ɗauka lalaci ne, ko ya ce yaron ya koma ruwa. Ƙwaƙwalwar da ta saba da tiramol ko kodin kuma ba ta dawowa daidai cikin sati biyu, hadda da natsuwa sukan ɗauki watanni.

Daga nan a soke tsohuwar makarantarsa daga lissafi, ko da saura zango ɗaya ya gama. Abokan da suka fara miƙa masa suna nan, mai shagon maganin da ke bayan katanga yana nan, lungun ma bai tashi ba. A soke gidan mari shi ma. Kowa ya tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, ba a jima ba aka sake ganin irinsa a Daura. Duk inda aka ce maka ba a ganin yaro sai bayan wata uku, ɗauki takalminka.

Makarantar kwana fa? Ni dai ban yarda da ita ba a shekarar farko. Iyaye suna sonta domin tana ɗauke musu ido da surutun unguwa, amma ɗakin kwanan da yara suka cika shi, malami ɗaya yana can gidansa yana barci, ba wurin mai sabon rauni ba ne. A nemi jeka-ka-dawo, wadda za a iya zuwa cikin minti ashirin in an kira. In kuna Mabera kada a kai shi Arkilla don kawai ginin ya fi kyau. Hanya mai tsawo kuɗin kabu-kabu take ci, kuɗi a aljihunsa kuwa shi ne abin da ake gudu. Ya fi a yi ciniki da ɗan kabu-kabu ɗaya da aka sani, a biya shi a wata, hannu da hannu.

Yanzu ga inda na faɗi. Da muka samu makarantar da ta yi mana, ƙanwata ta riƙe hannuna a ƙofar ofis ta ce, "Yaya, don Allah kada ka tona mai asiri. Ka ce rashin lafiya ta yi mai yawa." Na bi maganarta. Muka ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi, aka karɓe shi, muka dawo gida muna ganin mun yi dabara. Sati bakwai lafiya lau. A na takwas aka kama shi da ƙwaya biyu a cikin safa. Tunda ba wanda ya san tarihinsa, ba wanda ya lura cewa kwana huɗu kenan ba ya fita tara, ba ya magana da kowa, yana kifa kai a kan tebur. Shugaban makarantar ya fito da shi gaban taron safe, aka yi masa bulala, aka ba shi takardar kora. Asirin da muka rufe wa mutum ɗaya sai ga shi a kunnen ɗalibai duka, kafin azahar ya iso unguwarmu. Da na je ba da haƙuri, shugaban ya ce mini, "Malam, da ka faɗa min tun farko, da ba haka munka yi ba." Ban sami abin cewa ba.

Saboda haka ka je ganin shugaban makaranta kai kaɗai, ba tare da yaron ba, ka faɗa masa gaskiya, sannan ka yi masa tambaya ɗaya: ran da aka kama shi ya koma sha, me za ku yi? Ka ce "ran da", kada ka ce "idan". Hukumar binciken shaye-shaye ta Amurka, NIDA, ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya sukan zame, kusan daidai da yadda masu hawan jini da asma suke komawa ciwo. Ka saurari amsar da kyau. Wanda ya ce "ai mu nan ba mu da irin waɗannan yara" bai san makarantarsa ba, a Najeriyar da binciken 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa kayan maye a cikin shekara guda. Wanda ya yi dariya ya ce "ka bar mu da shi, za mu gyara shi", dorina yake nufi. Wanda kake nema shi ne wanda zai ɗan yi shiru, ya tambaye ka me yaron yake sha, wane likita ke duba shi, wa za a kira in abu ya faru. Irin wannan na same shi a wata ƙaramar makaranta da ko fenti ba ta da shi, kuɗinta bai kai rabin na wadda ta kore mu ba.

In ya amsa da kyau, ku yi yarjejeniya, a rubuce in zai yiwu. Mutum biyu kaɗai za su sani, shi da malami ɗaya da yaron zai riƙa gaisarwa kullum da safe. Ba sai mai digiri a fannin ba da shawara ba, yawancin makarantu sunan ofishin kawai gare su. Malamin lissafi mai haƙuri ya wadatar, in dai zai dubi idon yaron ya kuma ɗaga waya. A amince cewa ranar asibiti ba fashi ba ce. A amince cewa in ya zame, gida za a fara kira, daga nan asibiti, ba taron safe ba. Wannan na ƙarshe ba don kunya kaɗai ba ne. Jikin da ya yi watanni bai sha ba ya daina jure abin da ya saba, yaro kuma zai koma kan adadinsa na da. Tiramol ɗin da ake sayarwa a ɓoye yakan kai miligiram 225, alhali na asibiti 50 ne ko 100. Yana iya jefa shi farfaɗiya ko ya danne masa numfashi. Wanda aka gani yana layi a aji, likita yake buƙata a wannan sa'ar.

Kafin ka biya ko sisi, koma makarantar sau ɗaya ba tare da sanarwa ba, lokacin tashi. Tsaya a tsallaken titi wurin mai shayi ko mai faci. Dubi ko maigadi yana tambayar masu fita, ko katanga tana da inda aka fasa, su wa ke zaune a kan babura suna jiran ɗalibai. Leƙa banɗaki in an bar ka, kwalaben maganin tari ba sa ɓuya. An hana haɗawa da shigo da mai kodin tun watan Mayun 2018, amma wanda ya yi koyarwa ya san hani daban, bayan aji daban.

Sauran kuma ba su da wuya. Kada a yi jayayya in an ce ya maimaita aji, musamman wanda ya tsaya a SS2, domin makarantu da yawa ba sa karɓar sabon ɗalibi a SS3 saboda makin gwajin da ake tarawa tun SS1. Wanda shekarunsa suka ja, ya ga ba zai iya zama da ƙannensa ba, a sa shi darasin yamma ya rubuta NECO ko WAEC ta 'yan waje, ko NABTEB, jarrabawar masu koyon sana'a, in hannunsa ya fi kansa son aiki. Tsakanin tashi daga makaranta da magariba kada a bar shi haka: islamiyya bayan la'asar, ko shagon ɗinki ko gyaran waya na wanda kuka yarda da shi. Ban da tasha da garejin da ake amfani da sholisho. Abincin tara a ɗaura masa daga gida.

A kai shi ya ga makarantar kafin a yanke magana, a tambaye shi ko akwai wanda ya sani a ciki. In ya ambaci suna ya sunkuyar da kai, a nemi wata. In an fara, kawu ko baffa ɗaya ya ɗauki nauyin kiran malamin nan duk ranar Alhamis har zango ya ƙare, a kuma rubuta ranar komawa asibiti a jikin kalandar ɗakin uwarsa.