Yadda Za Ka Ƙara Danshi a Ɗaki Lokacin Hunturu Ba Tare da Na'ura Ba

Iska mai sanyi ba ta ɗaukar danshi da yawa, in kuma aka ɗumama ta a ɗaki sai ta ƙara bushewa. Shi ya sa leɓe ke tsagewa, a tashi da safe maƙogwaro kamar an zuba yashi.

1. Zuba ruwa a faffaɗan kwano, ka ajiye kusa da na'urar ɗumama ɗaki, amma nesa da wayar lantarki. Faɗin baki ake nema, ba zurfi ba: ruwan kofi sai ya kwana bai ragu ba, na faranti kuwa ya ja baya.

2. Shanya wanki a ɗaki. A ganina wannan ya fi sauran aiki. Jiƙaƙƙen tawul ɗaya ma ya wadatar da ƙaramin ɗaki.

3. Bayan wanka da ruwan zafi, bar ƙofar banɗaki a buɗe.

4. Tafasa ruwa a tukunya ba murfi, kana kusa, kada ta ƙone.

5. Duba gilashin taga. In raɓa ta kwanta a kai, ka wuce gona da iri, funfuna na tafe. Kwashe kwano ɗaya. Mai ma'aunin danshi ya tsaya tsakanin kashi 30 da 50 cikin ɗari.