Yadda ake cire tsohon fenti daga jikin 'yan mutum-mutumin wasan tebur ba tare da an lalata su ba

Duk wanda ya taɓa sayen 'yan sojojin Warhammer (wasan yaƙi na kan tebur) na hannu, ko ya tono waɗanda ya fenta da kansa shekarun baya tun hannunsa bai faɗa ba, ya san abinda nake nufi. Fenti ya yi kauri kamar da cokali aka shafa, fuskar soja ta shafe ba ido ba hanci, zanen jikin sulke duk ya cike. Wasu sai kaji sun ce ai shikenan ya lalace. Wallahi bai lalace ba, yana nan lafiyarsa ƙalau a ƙarƙashin fentin, fito da shi kawai zaka yi, kuma aikin bai kai wahalar da ake zato ba in dai ka bi a hankali.

Abu na farko, kuma nan ne zan fi daɗewa domin nan ake yin asara: kafin ka zuba komai a kwalba ka san da me aka yi abin da ke hannunka. Kusan kala huɗu ne. Akwai na ƙarfe, shi da ka ɗauka zaka ji nauyi da sanyi a hannu. Akwai na roba mai tauri wato folistirin, irin wanda Games Workshop, kamfanin da ke yin Warhammer, ke yin yawancin kayansu da shi yanzu, ba nauyi, in ka ɗan kankare ƙasan faifan da yake tsaye a kai galibi zaka ga ruwan toka. Akwai na rezin irin na Forge World ko Finecast ɗin da ya fito a 2011, shima ba nauyi amma saurin karyewa gare shi, takobi ko mashi baya lanƙwasa sosai sai dai ya ɓalle. Sai kuma roba mai laushi ta PVC irin Reaper Bones da mafi yawan waɗanda ke zuwa cikin kwalin wasan allo, su kam in ka lanƙwasa takobin sai ya dawo. Ruwan da zai wanke ɗaya tas shi ne zai narkar da ɗaya, shi yasa nake cewa kar ka tsallake wannan matakin ko da sauri kake.

Ni na ga wannan da idona. Lokacin da na fara na ji ana yabon asiton, irin sinadarin da ke cikin maganin goge jan farce, na jefa sojoji biyar na roba a ciki na rufe na tafi, ko da na dawo fuskokinsu sun narke, bindigogin sun yi laushi suna mannewa a yatsa, ba wanda ya tsira a cikinsu. Abin ya min ciwo sosai domin tsofaffi ne da ba a ƙara buga irinsu ba. To asiton na ƙarfe ne kawai. A ƙarfe kam babu kamarsa, cikin mintuna fenti ke sakin jiki, har sufa gulu ɗin da aka manna hannaye da shi yake cinyewa. Amma ko na ƙarfen ka duba da kyau, da yawansu faifan ƙasan roba ne, wasu hannayensu ko jakar baya ko garkuwa roba ce, sai ka ɓalle waɗannan tukuna ka ware su gefe.

Na roba mai tauri abinda na fi yarda da shi shi ne sifirit ɗin da ake kira IPA (isopropyl alcohol), mai ƙarfin kashi 99, ko aƙalla 90 zuwa sama. Mai kashi 70 ruwa ya masa yawa, yana yi amma zai ja maka lokaci. Baya cin folistirin, yana ɗaga fentin akirilik irin su Citadel da Vallejo da Army Painter cikin sauƙi, kuma yana bushewa da kansa. Dettol ma yana yi, asalin mai ruwan ƙasa-ƙasa ɗin nan, ba a sirka shi da komai. Akwai masu amfani da ruwan wanke maiƙo irin Simple Green ko LA's Totally Awesome, waɗannan sun fi sauƙi a hanci amma sai an bar su kwana ɗaya ko biyu. Man birki kuwa na san yana cire fenti, tsofaffin 'yan wasa sun daɗe suna amfani da shi, amma guba ne kuma zubar da shi matsala ce, ni bana ba kowa shawararsa tunda akwai waɗanda suka fi shi aminci.

Rezin da PVC su ne masu shagwaɓa. In suka daɗe a cikin sifirit ko Dettol laushi suke yi kamar cingam, wani lokacin kuma basa dawowa daidai. Don haka su minti goma zuwa sha biyar, ka ciro ka goge, in da saura ka sake mayarwa na ɗan lokaci. Kuma ko wane iri ne dan Allah ka fara gwadawa da guda ɗaya wanda baka damu da shi sosai ba kafin ka zuba runduna gaba ɗaya.

To kayan aiki: kwalbar gilashi mai murfi, tsohon buroshin goge baki, tsinken sakace, hantsaki na ciro su, safar hannu, da tabarau ko da na kariya ne mai arha domin buroshi na fantsama ruwa kuma sifirit a ido ba daɗi. Gilashi nace saboda asiton na iya cin wasu robobin. Ka buɗe taga, ka nisanci wuta da sigari domin asiton da IPA duk suna kamawa nan take, kar kuma ka taɓa haɗa su da bilic. In kana da kyanwa ka kula da Dettol, yana musu illa sosai.

Sai jiƙawa. Ka jera su a kwalba, ka zuba ruwan har ya rufe kansu, ka rufe murfi don kar ya tsere. A IPA roba kan yi minti talatin zuwa awa biyu, in fentin ya yi kauri ko an bi shi da banish, wato man da ake shafawa a kan fenti don kare shi, sai ka bari ya kwana, ba abinda zai samu folistirin. Dettol awa shida zuwa kwana guda. Alamar ya yi ita ce kaga fentin ya yamutse yana ɗagowa kamar fatar da ta daɗe a ruwa. In ka taɓa da tsinke bai motsa ba, mayar da shi kawai, haƙuri ya fi ƙarfin hannu a wannan aikin, wanda ya matsa da gurza shi ke karya eriya da bakin takobi.

Wajen gogewa akwai kuskure ɗaya da kusan kowa ke yi da Dettol, wato ya ciro soja ya kai shi bakin famfo kai tsaye. Da ruwa ya taɓa shi narkakken fentin sai ya koma wani ƙulli mai danƙo kamar kwalta, ya manne a buroshi ya manne a soja ya manne a yatsu. Ka goge shi a cikin Dettol ɗin kansa, kana tsoma buroshin kana gogewa har fenti ya fita duka, sannan ka shafa sabulun wanke kwanuka zalla ka cuɗa, sai a ƙarshe ruwa ya shigo. In ma ka riga ka yi kuskuren ba komai, mayar da shi cikin Dettol ɗin danƙon zai sake narkewa. Da IPA ma gara ka goge yana jiƙe da shi, domin in ya bushe fentin komawa yake ya kama.

Buroshi zai ɗauke mafi yawa, sauran da ya maƙale a lunguna, ƙarƙashin hammata, tsakanin sarƙoƙin sulke, cikin ido, sai tsinken sakace. A ƙarfe zaka iya sa allura ko buroshin waya mai laushi na tagulla, a roba kuwa kar ka kusanto da ƙarfe, zai bar zane. Yawanci sai an yi zagaye biyu ko uku na jiƙawa da gogewa. Masu injin nan mai girgiza ruwa da ake wanke zobba da shi suna samun sauƙi a lunguna, amma ba a zuba sifirit kai tsaye a cikin injin kuma ba a kunna masa zafi.

Wani abu da ke tayar wa sabbin shiga hankali shi ne bayan duk wannan sai suga robar ta rine, baƙi-baƙi ko ja-ja. Wannan fentin shimfiɗa ne na feshi da aka fara sawa, yana kama jikin roba fiye da sauran, wani lokacin baya fita duka. Ka shafa da farce, in ba tudu kuma zanen jiki ya fito sarai, ka ƙyale shi, sabon fenti zai rufe. Tsohon fentin mai (enamel) irin Humbrol shima taurin kai gare shi, a ƙarfe asiton zai gama da shi, a roba sai an daɗa masa kwanaki da zagaye.

Maganar gam kuma, in sufa gulu ne kuma kana so ka raba sassan, saka shi a firiza ya kwana, sanyi na sa gam ɗin ya yi gautsi sai ka ɓalle a hankali. In kuwa gam ɗin roba ne wanda ke narkar da ɓangarorin biyu ya haɗe su, wannan ya zama jiki ɗaya, sai dai wuƙa. Tsofaffin na ƙarfe na shekarun 1980 da farkon 1990 yawanci akwai dalma a cikinsu kafin kamfanoni su koma haɗin kuza, don haka ka wanke hannu bayan ka taɓa su, kar ka bari yara su kai baki.

Daga nan wanka na ƙarshe da ruwan ɗumi da sabulu, ba mai zafi ba domin zafi na lanƙwasa rezin da PVC. Ka ɗauraye sosai don duk maiƙon da ya rage zai hana sabon fenti kamawa, ka shanya su a kan tsumma su kwana, ruwa na ɓuya a lunguna fiye da yadda kake zato. Ruwan kwalbar kuma kar ka tuttular a magudana, bari dattin ya kwanta a ƙasa ka tace da ƙyalle ka adana, zai sake maka aiki sau da yawa. Washegari ka duba kowanne a haske, in layin da injin ƙira ya bari yana nan wanda mai fentin farko bai kankare ba, yanzu ne lokacin cire shi da bayan wuƙa, sannan ka fesa shimfiɗa siririya daga nesa kaɗan.