Daren da ke biyo bayan ruƙya: ga sabon zuwa Akra

Watana huɗu da sauka a Nima, wata unguwa a Akra, aka yi mini ruƙya. Barci ya ƙaurace mini, kasuwa ta ƙi, mai masaukina ya ce sai an kai ni wajen malam. Malam ya karanta mini Fatiha da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi a kunne, ya yi tofi a ruwa ya ba ni. Na yi ihu, na yi kuka, aka ce alhamdu lillahi, kowa ya watse. Ba wanda ya gaya mini yadda daren zai kasance. Jiki kamar an yi mini duka, gabana sai faɗuwa yake, ga kewar gida da ban taɓa jin irinta ba. A gida, uwa ko yaya za ta kwana kusa da kai. A Ankara, kamar yadda 'yan zango ke kiran Akra, kai ne da fanka da bango.

Don haka kafin a fara karatun ma, ka samu wanda zai kwana ɗakinka. Nawa wani ɗan Maraɗi ne mai sayar da agogo. Ya shimfiɗa tabarma bakin ƙofa kwana uku, bai tambaye ni komai ba.

Kunya ce za ta fara zuwa. Gidajen haya na Nima da Mamobi ɗaki jikin ɗaki ne, duk wanda ke tsakar gida ya ji muryarka. Da safe ka fito sayen koko da ƙosai, za a ce "sannu, yaya jiki?" Ka ce "da sauƙi", ka karɓi kokonka. Ba wanda ke bin ka bashin bayani, kuma yawancin masu gaisuwar sun ga irin wannan a gidajensu.

Wanda ya fi kunya haɗari shi ne zargi. Idan aka ce maka sammu ne, ko hannun wani na kusa, zuciya za ta fara lissafo mutane: kishiyar uwa, ɗan baffa, abokin ciniki. Ka ajiye waya. Kada ka tura saƙon murya gida ta WhatsApp a wannan makon. Na san zumuncin shekaru da saƙo ɗaya na tsakar dare ya tsinka, kuma abin da mutum ya furta yana cikin firgici ba hujja ba ce a kan kowa. Malamin kirki ba ya kama suna. Wanda ya kama suna, sannan ya ce a kawo rago, jibi a ƙaro sidi kaza, ka gaishe shi da kyau, kada ka koma.

Ka ci abinci ko ba ka jin yunwa, ka riƙe azkar ɗin safe da yamma, ka fita sallar jam'i. In akwai zazzaɓi, je asibitin Mamobi a gwada jininka, domin zazzaɓin cizon sauro kan rikita kai. In kana shan maganin likita, kada ka daina don an yi maka tofi.

Idan mako biyu suka wuce babu barci, ko kana jin muryoyi, ko mutuwa ta fara yi maka kwalliya a zuci, lokacin likita ya yi. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Akra a unguwar Adabraka, wanda ke nan tun 1906, akwai na Pantang bayan Adenta. Zuwa can bai hana addu'a ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Gana ta 2012 ta kare haƙƙin majinyaci, kuma hukuma ta haramta ɗaure mutum da sarƙa da sunan magani, ko a wane wurin addu'a ne. Tun 2023 yunƙurin kashe kai ya daina zama laifin da ake gurfanar da mutum a kansa, saboda haka kada tsoron 'yan sanda ya sa ka ɓoye ɗan'uwa a ɗaki. Lambar gaggawa 112 ce, ka sa ta a wayarka tun yau, tare da ta mai masaukinka.