Yadda za ku zaɓi bugun Dungeons & Dragons da ya dace da teburinku

Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, wasan tebur da kowane ɗan wasa yake riƙe jarumi ɗaya a cikin labari ana jefa dayis don yanke sakamako, an sha sake dokokin wasan, kuma kowane bugu yana da 'yan gani-kashe-ninsa. Gardamar wanne ya fi ba ta ƙarewa, domin kowa abin da teburinsa yake so yake karewa. Kafin ku sayi littafi, ku fara sanin awa nawa kuke da su a kowane zama, mutum nawa ne a cikinku za su karanta doka da kansu, kuma wane lokaci jagoran wasa, wato mai ba da labarin da juya dodanni, zai iya warewa don shiri.

In zamanku gajere ne, ku duba tsofaffin bugu, musamman na 1981 da ake kira B/X. Cikin 'yan mintuna an gama haɗa jarumi. Yawancin makin ƙarin mataki, wato ƙaruwar ƙarfin jarumi, daga zinariyar da aka kwaso yake fitowa, shi ya sa masu wasa suke koyon kauce wa faɗa da dabara. Aibinsa saurin mutuwa: matsafi a matakin farko makin ransa, wato adadin raunin da zai iya jurewa, bai cika wuce huɗu ba, tsafi ɗaya kuma yake da shi a yini. Kowa ya zo da jarumi na biyu a aljihu.

Abin da ya fi korar sababbi daga tsofaffin bugu shi ne lissafin sulke, inda ƙaramar lamba ta fi babba ƙarfi. A bugu na biyu na 1989 ana aiki da THAC0, wato lambar da jarumi yake bukatar jefowa don ya sami mai sulke 0: ka cire lambar sulken abokin gaba daga taka THAC0, abin da ya rage shi za ka jefo a dayis mai fuska 20, ko sama da shi. Mai THAC0 18 da ya kai wa mai sulke 4 sara yana neman 14. Rikicin yana zuwa ne idan sulke ya koma ƙasa da sifili. Maganinsa mai sauƙi ne: tun kafin a fara, a cire kowace lamba daga 20. THAC0 18 ta zama ƙarin 2, sulke 4 ya zama 16. Har yanzu 14 ake nema, amma yanzu tarawa kawai ake yi.

Bugu na uku ya fito a 2000, aka gyara shi zuwa 3.5 a 2003, Pathfinder na kamfanin Paizo kuma ya gaje shi a 2009. Wannan na masu son zama su ƙera jarumi ne dalla-dalla. Matsalarsa tana bayyana yayin da matakai suka hau: ƙare-ƙaren maki sun yi yawa, matsafa sun tsere wa mayaƙa fintinkau, jagora kuma yana shan wahalar rubuta ƙarfin kowane dodo. Ku ƙayyade littattafan da aka yarda da su tun ranar farko. Wasu ma sukan tsayar da hawan mataki a na shida, tsarin da masoya wasan suke kira E6.

Bugu na huɗu na 2008 ya sha suka fiye da kima. Faɗa a cikinsa ya fi daidaito, domin kowane jarumi yana da ƙwarewar da zai yi amfani da ita kullum, da ta sau ɗaya a faɗa, da ta sau ɗaya a yini. Sai dai ba ya tafiya sai da taswira mai gidaje kamar na dara, kuma faɗa ɗaya yana iya cinye awa guda. Ku yawaita ƙananan dodanni masu makin rai ɗaya tak, ku rubuta duk wani hali da jarumi ya shiga a kati ku ajiye a gabansa.

Mafi sauƙin samun abokan wasa shi ne bugu na biyar na 2014. Maimakon tara ƙananan maki, wanda yake da rinjaye sai ya jefa dayis biyu ya ɗauki babba. Idan 11 ake nema, damarsa ta tashi daga kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari. Inda jagorori suke tuntuɓe shi ne hutu. An gina wasan a kan cewa jarumai za su iya ɗaukar karo shida zuwa takwas kafin dogon hutu, wanda yake dawo musu da tsafi da makin rai. In faɗa ɗaya kuke yi su kwanta, matsafa za su zazzage duk tsafinsu a zagayen farko, babban dodon da aka ɓata dare ana shiryawa ya faɗi kafin ya motsa. Littafin jagora na 2014 yana da mafita: gajeren hutu ya zama awa takwas, dogon ya zama kwana bakwai. An kuma sabunta dokokin a 2024, saboda haka ku tsayar da wanda za ku bi, kar kowa ya zo da nasa.

Pathfinder na biyu, na 2019, yana ba kowa motsi uku a zagaye, amma sara na biyu ana rage masa 5 daga abin da aka jefo, na uku 10. Yana son teburin da kowa ya karanta doka.

Idan kun rage zaɓi zuwa biyu, ku gwada su da labari iri ɗaya: ɗaki uku, tarko ɗaya, mai gadi da za a lallasa da baki, sai faɗa da dodanni huɗu. Mutum ɗaya ya riƙe agogo, ya rubuta mintunan haɗa jarumi, tsawon kowane zagaye, da sau nawa aka tsaya buɗe littafi. Jagora ma ya rubuta lokacin da shiri ya ci masa, domin shi zai riƙa ɗaukar wannan nauyin duk mako.