Yadda ake feran taitaniyam a ƙaramin shagon gida ba tare da gobara ba

Taitaniyam ƙarfe ne da ba ya sakin zafi. Baƙin ƙarfe da alminiyam suna watsa zafin yanka cikin jikinsu da cikin ɓarɓashi, shi kuwa yana tara shi ne a kan bakin yanka, wato ƙarfen da ke yin ferar. Mafi yawan matsalar sabon hannu daga nan take tasowa.

Da farko ka san irin taitaniyam da ke hannunka, don da lamba ake bambanta su. Lamba 2 zalla ne, ya fi sauƙi. Lamba 5 yana da alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4 cikin ɗari, shi ne mai cin baki. Ka koya da lamba 2, dama ya fi araha.

Ɗaure aikin tamau a injin tana, wato injin da ke juya ƙarfe ana ferewa, kada ya fito daga cak (mariƙin aikin) fiye da ninki uku na kaurinsa sai ka tokare shi da santa (tsinin da ke riƙe ɗaya ƙarshen). Taitaniyam yana lanƙwasawa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, yana guje wa baki ya dawo, sai rawa ta fara.

Rage gudu. Da bakin kabayid (baki mai tauri sosai), gudun yanka na mita 30 zuwa 50 a minti ya isa, da HSS (bakin ƙarfe na yau da kullum) mita 10 zuwa 15. Sanda mai kaurin milimita 20 ke nan tana juyi kimanin 600 a minti da kabayid, 200 da HSS. Bakin ya zama sabo, mai kaifi.

Ga inda ake faɗuwa. Sabon hannu yana jin tsoro, sai ya riƙa shafa ƙarfen a hankali. Shafar nan ce ke taurara fatar taitaniyam, zagaye na gaba kuma baki ya hau kan taurin ya dakushe nan take. Ka ci da gaske: turi milimita 0.1 zuwa 0.15 a kowane juyi, zurfi aƙalla rabin milimita. Kada ka tsaya da baki yana taɓa aiki ko na daƙiƙa ɗaya. In za ka tsaya, ja shi baya tukuna. Ka ga ɓarɓashi ya koma shuɗi, ko farin tartsatsi ya fito, gudu ya yi yawa.

Ruwan sanyaya ya riƙa kwarara ba yankewa. Ɗigo-ɗigo da buroshi ɓata lokaci ne. Guji ruwan sanyaya mai ɗauke da kulorin.

Sirarin ɓarɓashi da ƙurarsa su ne masu kamawa da wuta. Kwashe su a kai a kai cikin bokitin ƙarfe mai murfi, nesa da tsummokaran mai. Idan suka kama, kada ka zuba ruwa, kada ka fesa abin kashe gobara na iskar kabon, duka biyu ƙara mata ƙarfi suke yi. Abin kashe gobara mai alamar D ake so. Yana da tsada, to aƙalla ka aje bokitin busasshen yashi kusa da hannu, ka binne wutar a hankali.

Huda kuma da bakin diril na kobal, in na milimita 6 ne juyi 500 a minti, kana shiga kana fitowa kana zubar da ɓarɓashi. Ramin zare ka ɗan faɗaɗa shi, in ba haka ba taf, wato ƙarfen yanka zare, zai karye a ciki.